Ariyas ya kusa fitowa: banki zan kai, ko mutanen da nake ɓuya musu?

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Kano, shekarata 41, matata ɗaya da yara huɗu. Albashina naira 168,000. Wata 14 da suka wuce na ci bashin banki na miliyan ɗaya da rabi, na yi rufi na tare a gidana don na gaji da haya. Ana cire min 54,000 duk wata har tsawon wata 48, yanzu saura 34. Amma tun kafin wannan akwai basussuka a kaina. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya ranta min 200,000 a 2019 da zan sayi filin. Daga ni sai shi muka yi maganar, ya rasu a 2022, iyalinsa ba su sani ba. Abokina ya ba ni 150,000 a 2021 da za a yi wa matata tiyatar haihuwa, yanzu ko wayarsa ba na iya ɗagawa. Mai shagon tsohuwar unguwarmu yana bina 63,000 na kayan abinci. Matata ma ta sayar da sarƙarta ta ba ni 120,000 lokacin ginin, amma wannan ta gida ce. Yanzu an ce ariyas ɗinmu na ƙarin girma, wato cikon albashin baya da muke bin gwamnati, zai fito, wajen 420,000. Wani abokin aiki ya ce in zuba shi duka a banki in rage kuɗin ruwa, wani kuma ya ce in nemi ƙarin bashi a bankin in sallami kowa lokaci guda. Kuɗin ruwan nan yana damuna a zuciya, ina so in rabu da shi. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta, kai kuma ya yaye maka wannan nauyi. Na yi shekaru ina aiki a sashen albashi kafin in yi ritaya, na ga irin wasiƙarka a fuskokin mutane da yawa, don haka na zauna da biro da takarda na bi lissafinka kafin in ce maka komai.

Abokin aikinka na farko bai yi ƙarya ba, kuma ba zan ɓoye maka hakan ba. Miliyan ɗaya da rabi da ake biya 54,000 har wata 48 ya tashi 2,592,000 ke nan. Wannan ya yi daidai da ruwa na wajen kashi 30 cikin 100 a shekara a kan abin da ya rage. Irin wannan bashin, ruwa ake fara ci. A watan farko, cikin 54,000 da aka yanka maka, 37,500 ruwa ne, 16,500 kacal ya taɓa uwar kuɗi. Zuwa yau ka biya 756,000, amma in ka je ka tambaya za ka tarar ana binka wajen miliyan ɗaya da dubu 227. Mutane da yawa sun sha zaman dirshan a gabana da suka ga irin wannan lissafi a karon farko. In ka zuba 420,000 ɗin nan a kan uwar kuɗi, bankin kuma ya yarda ya sake lissafi ka ci gaba da biyan 54,000, watanni 34 ɗin za su koma wajen 19. Za ka tsira da kusan 390,000 na ruwa. Kuɗi ne masu yawa ga mai albashi irin naka.

Duk da haka ba zan ce ka kai banki ba.

Dalilina shi ne, wannan rangwamen da haƙurin wasu za ka saye shi, su kuwa ba ka tambaye su ba. Bashin banki yana da wa'adi. Kun yi yarjejeniya, kowane wata yana karɓar nasa tun kafin alat ya shigo wayarka, ba ka saɓa masa ko sau ɗaya ba. Kuɗin da za ka biya shi a watan 30 bai zama wajibi a kanka yau ba. Na kawu da na abokinka da na mai shago kuwa lokacinsu ya yi tuntuni, har ya wuce. Malaman fiƙihu sun bambanta bashin da wa'adinsa ya cika da wanda bai cika ba, kuma wanda ya cika shi ake fara saukewa in hali ya samu. Kafin yau kana cikin inuwar aya ta 280 ta Suratul Baƙara, wadda ta ce in mai bashi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Ranar da ariyas ya faɗo asusunka ka fita daga wannan inuwa, ka shiga ƙarƙashin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa taurin bashin mai hali zalunci ne. Kai da kanka ka ce kuɗin ruwan nan yana damunka a zuciya, na san haramcinsa ne ke hana ka sukuni. Wannan alamar zuciya mai rai ce, ka riƙe ta, ka tuba, ka ƙudurta ba za ka koma ba. Amma ba a gudun zunubi ɗaya da haƙƙin marayu.

Maganar kawu ita ce ta fi tsaya min a rai, kuma ina jin ita ce ta sa ka rubuto, ko da ka sa ta a tsakiyar jeri. Ka san yadda ake yi a wajen jana'iza. An sallaci gawa, ko an dawo daga maƙabarta ana zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, sai wani dattijo ya miƙe ya ce jama'a a yafe masa, duk wanda yake bin mamaci bashi ko mamaci yake binsa ya ga wane. Kana wurin. Ka ji. Wataƙila ka ce a ranka bari a yi bakwai, bari a yi arba'in, bari in ɗan samu wani abu a hannu don kada in je da baki kawai. Haka aka raba gado babu kuɗin nan a ciki, kai kuma kullum maganar tana ƙara nauyi a bakinka. Ba na ganinka a matsayin macuci. Kunya ce ta kama ka, kuma na san yadda take ɗaure mutum. Sai dai tun ranar da kawu ya cika, dubu 200 ɗin nan ta tashi daga hannunsa ta koma ta magada. Taubasanka ne suke binka yanzu, kuma su kaɗai ne a cikin masu binka da ba za su taɓa iya zuwa su tambaye ka ba, don ba su san da ita ba.

Ka tsaya ka yi tunanin in kai ne aka ɗauka a daren nan. Banki yana da takarda, yana da sa hannunka, yana da lambar BVN ɗinka, zai san yadda zai yi. Abokinka da mai shago suna da baki, za su iya zuwa zaman makoki su faɗa. Kuɗin marayun nan kuwa da kai za a binne labarinsu. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A Bukhari kuma akwai labarin gawar da aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, aka ce dinari uku, ya ce ku sallaci ɗan'uwanku, har sai da Abu Ƙatada ya ce bashin yana wuyansa sannan ya yi masa salla. Saboda haka abu na farko ba ya jiran ariyas. Yau ɗin nan ka ɗauko takarda ka rubuta duk wanda yake binka, nawa ne, tun yaushe, ka sa hannu, ka nuna wa matarka da wani ɗan'uwa da ka amince da shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Kai da kawu kun bar ta saboda yarda da juna, ka ga inda ta kai ku.

In kuɗin sun fito, ka biya na kawu cif, kuma ka biya shi ta ƙofar da ta dace. Kada ka lallaɓa ka damƙa wa matarsa a ɗaki, kada kuma ka mayar da shi buhun shinkafa da kuɗin makaranta kana aikawa a matsayin taimako alhali a ranka biya kake yi. Wannan dabara ce da masu jin kunya suke yawan yi, tana sa a riƙa yi maka godiya a kan abin da yake haƙƙinsu ne, kuma ba ta raba kuɗin yadda shari'a ta raba. Ka nemi babban gidan, ko malamin ko alƙalin da ya raba gadon, ka faɗi gaskiya a gaban shaidu biyu, a raba kuɗin yadda aka raba sauran dukiyar. Matar kawu tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya, ragowar na sauran magada ne. Tana iya cewa haba ɗana, ka bar shi, na yafe. In ta faɗa, kasonta kaɗai ta yafe. Ba ta da ikon yafe na yaran da ba su balaga ba, kai ma kada ka karɓa.

Akwai wani abu da zan ƙara a nan. A 2019 dala tana wajen naira 360. A farkon 2024 ta haura 1,500. Tsakanin nan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kai ma ka san abin da mudun shinkafa ya koma. Dubu 200 ta kawu ta taimaka maka ka mallaki fili, yau ba za ta sayi kwatan abin da ta saya a lokacin ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa adadin da aka ranta shi ake mayarwa, haka ma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Kuwait a 1988, kodayake akwai masu ganin in darajar kuɗi ta faɗi warwas ya kamata a yi sulhu. Abin da mafi yawan malamai suka halatta shi ne mai biya ya ƙara da kansa ba tare da an shardanta masa ba. Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda ya fi kyautata biya. Yanzu ba ka da halin ƙari. Amma ka sa a ranka, ranar da bankin nan ya sake ka, yaran kawu suna da wani abu a wurinka.

Mai shago ka biya shi duka, 63,000, rana ɗaya. Ɗan jarinsa juyawa yake yi, shi ma sau da yawa bashi yake ɗauko kaya a kasuwar Singa ya sayar ya mayar. Shafinka a littafinsa katan ɗin taliya ne da jarkar mai da suka daina juyawa, kai kuma ka tashi daga unguwar, abin da kowane mai shago yake tsoro ke nan. Ka je da kanka, ka tsaya ya buɗe littafin ya soke a gabanka, ka ba shi haƙuri.

Saura 157,000 ke nan, ga abokinka. Abin da ya fi yi masa ciwo ba kuɗin ba ne, ina da yaƙini a kan haka. Mutumin da ya fitar da dubu 150 matarka tana kan gadon tiyata, yau ya kira ka yana ji tana ringin har ta katse, gobe ya gan ka ka sa hoto a WhatsApp. Me kake so ya ɗauka? Shi a ganinsa ka mayar da shi wawa, alhali kai kunya ce take cinka. Kada ka tura masa kuɗi ta waya ka yi shiru. Ka kira shi tun kafin ariyas ya fito, ka ce kana so ka zo gida. In kun zauna ka buɗe masa komai: ga albashina, ga abin da banki yake cirewa, ga abin da zai shigo, ga marayun kawu. Ka ce masa zan ba ka 90,000 yanzu, ragowar 60,000 kuma dubu goma-goma duk wata har wata shida, ranar da aka yi albashi. Ku rubuta. Kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka don ka faranta masa a zaman, dubu goma da ba ta fashi ta fi dubu talatin da za ta zo sau biyu ta ɗauke.

A wannan zaman ne kawai maganar banki za ta iya dawowa. In abokinka yana da hali, ya ji lissafin ruwan da ake ci a kanka, ya ce da bakinsa ka kai can tukuna ni zan jira, to ya ba ka, ka karɓa da godiya ka kai. In ya yafe wani abu, alheri ne daga gare shi. An taɓa yin haka a masallacin Annabi, Ka'abu ɗan Malik yana bin Ibnu Abi Hadrad bashi har muryoyinsu suka ɗaga, Annabi ya yi wa Ka'abu nuni ya sauke rabi, ya yarda, sannan ya ce wa ɗayan tashi ka biya. Amma kada ka je da niyyar roƙon ragi, kada kuma ka yi ta jan labarin wahalarka har kunya ta sa ya yafe abin da yake buƙata. Shi ma yana da iyali a cikin wannan tsadar.

Dubu 67 da ta rage kada ka taɓa ta, kada kuma ka ji kamar ka yi laifi da ka riƙe. Kai mai yara huɗu ne da 114,000 take shigowa hannunsa a wata, daga yanzu ma 104,000. Zazzaɓi ɗaya da ƙarin ruwa a asibiti ya isa ya mayar da kai littafin wani sabon mai shago. Ka ajiye ta inda katin cirar kuɗinka ba ya kaiwa. Ka faɗa wa abokinka da ita ma, kada ya ji daga baya.

Shawarar abokin aikinka na biyu kuwa ka bar ta inda ka ji ta. Ƙarin bashi yana nufin a rufe tsohon a buɗe sabo, a sake cire kuɗin hidima, lissafin ruwa ya koma farko inda ya fi ci, wata 14 da ka sha wahala su tafi kusan a banza. Za ka ɗauki bashin mutanen da ba sa karɓar ko kwabo a kai ka mayar da shi mai ruwa kashi 30. Dokar Ƙwadago ta ƙasa, a sashe na 5, ta ce abin da za a yanka daga ladan ma'aikaci a wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Ka auna kanka da wannan ma'auni: sulusin albashinka 56,000 ne, ana cire 54,000. Ka riga ka kai bango. Haka nan manhajojin bashi na waya, waɗanda in ka yi lattin kwana biyu suke aika wa duk lambobin wayarka saƙon cin mutunci, ko da wasa kada ka sauke su. Kuma in wani ya ce ka karkatar da albashinka wani banki don ka huta wata biyu, ka sani tun watan Agustan 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da kake ƙin biya damar ɗebo kuɗinsa daga sauran asusunka da ke ɗaure da BVN ɗinka.

Wannan ba ya nufin ka manta da banki har wata 34. Ka ɗauko takardar yarjejeniyar da ka sa wa hannu ka karanta ta a nutse, sannan ka je reshenku ka nemi a ba ka a rubuce: nawa ne ya rage na uwar kuɗi, ana karɓar biyan wani kaso kafin lokaci, akwai tara a kai, kuma in ka zuba, watanni za a rage ko abin da ake cirewa. Ka nace a kan a rubuce, don na ga wanda ya zuba kuɗi a asusu da niyyar rage bashi, aka bar su zaune ana cira wata-wata kamar kullum, ruwa bai ragu da sisi ba. Ƙarin girman da ya kawo ariyas ɗin zai ɗan ɗaga albashinka. Wannan ƙarin, da kuɗin hutu in ya fito, da duk wani alawus da ba ka sa rai ba, ka tara su ka riƙa kaiwa kan uwar kuɗi. Da wuri ya fi amfani, don a shekarar ƙarshe ruwan da ya rage kaɗan ne. Nan gaba in buƙata ta sake tasowa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019, ka fara leƙa can.

Na bar maganar matarka ƙarshe da gangan, saboda yadda ka rubuta ta: “amma wannan ta gida ce.” Ƙanena, dukiyar mace tata ce, aure bai mayar da ita taka ba. Sarƙar nan wataƙila ta lefenta ce, ko mahaifiyarta ce ta saya mata, ita ce abin da take kallo ta ce in wani abu ya faru ina da madogara. Ta cire ta ta kai kasuwa aka ɗora a sikeli don ku samu rufi. Ka tambaye ta kai tsaye, kyauta ta ba ka ko rance. In ta ce kyauta, ka yi mata godiya da baki, ka sake tambaya bayan kwana biyu, don mata da yawa sukan ce na bar maka alhali zuciyarsu tana wurin. In rance ne, ya shiga takardar da za ka rubuta yau, kuma dubu goman abokinka in ta ƙare a wata na shida ta koma hannunta har shekara guda. Zinariya ta yi tsada sosai tun lokacin, 120,000 ba za ta dawo mata da irin sarƙarta ba. Kuna iya yarda ku rubuta mata wani kaso a cikin gidan daidai abin da ta zuba, da shaidu, in hakan ya fi kwanta mata.

Ka fara da kiran abokinka a daren nan, don shi ne mai sauƙi, kuma in ka ji muryarsa za ka samu ƙarfin gwiwar sauran. Gidan kawu kuwa kada ka je kai kaɗai. In mahaifiyarka tana raye ka fara faɗa mata, ɗan'uwanta ne, ita za ta san wanda ya kamata ya raka ka da kuma ranar da za a tara yaran.